Litinin Zuwa Asabar: Ina Muke Ajiye Allah?



Awa 168 ke cikin kowane mako. In muka fitar da awa biyu da muke yi a majami'a ran Lahadi, saura 166. A ƙauyukanmu da yawa na ƙasar Ikara, da Makarfi, da Kudan, inda Fada guda ke zagaya majami'u barkatai, akan yi makonni ba a sami Misa ba, sai sujadar da katikis ke bi da ita. Ashe ke nan mafi yawan zamanmu na Kirista a fadama muke yin sa, da gonar rake, da bakin murhu, da rumfar kasuwa, da bisa babur. Saboda haka tambayar da ke gabanmu a wannan fitowa ita ce: waɗannan awoyi 166 na wane ne? Zai yiwu ɗan Adam, wanda yunwa ke kira, yara ke ja, mai bin bashi ke jira a ƙofar gida, ya riƙa tunawa da Allah tun daga carar zakara har kwanciyar barci? Ko kuwa wannan sha'ani ne na Fada da Sista da 'yan zuhudu kaɗai?

AMBATO DABAN, TUNAWA DABAN

Wani zai ce ai mu wannan ba damuwarmu ba ce, gama harshen Hausa jiƙe yake da sunan Allah. Gaskiyarsa. Ba mu rabuwa da dare sai mun ce Allah ya kai mu. Mai tafiya mu ce masa Allah ya kiyaye hanya. Mai jego, Allah ya raya. Majinyaci, Allah ya sawwaƙe. Mai ciniki, Allah ya ba da kasuwa. Wannan gado ne mai daraja wanda muka yi tarayya a cikinsa da maƙwabtanmu Musulmi, ba kuwa abin yarwa ba ne. Amma kwabon da ya sha yawo a hannu, rubutunsa yakan goge. Haka sunan Allah yakan goge a bakinmu saboda sabo, har mu furta shi sau ɗari a wuni, zuciya ba ta motsa ba ko sau ɗaya.

Abin ma yakan wuce nan. Mutum ya jera manyan tumatir jajaye a saman kwando, ya binne ruɓaɓɓu da ƙanana a ƙasa, mai saye ya tambaya, shi kuwa ya rantse da Allah har sau uku cewa sama da ƙasa duk ɗaya ne. Wannan ya ambaci Allah, amma bai tuna da shi ba. Da ya tuna, da harshensa ya yi nauyi. Doka ta biyu ta hana mu kama sunan Ubangiji a banza, Ubangijinmu Yesu kuma ya koya mana mu bar rantse-rantse, maganarmu ta tsaya da ƙafarta (Matiyu 5:33-37). Tun kafin wannan Annabi Ishaya ya tsauta wa jama'ar da leɓunansu ke kusa da Allah, alhali zukatansu sun yi nisan kiwo (Ishaya 29:13). Ambato aikin harshe ne. Tunawa kuwa sanin zuciya ce cewa Allah yana nan, yana gani, kuma a gabansa nake yin abin da nake yi.

ZAI YIWU KUWA?

Manzo Bulus ya umarci Kiristocin Tasalonika kada addu'arsu ta yanke (1 Tasalonikawa 5:17). Mutanen da ya rubuta wa masu neman abinci ne kamarmu, shi kansa ma da ɗinkin tanti yake ci (Ayyukan Manzanni 18:3). Duk da haka hankali yana da hujjar da zai kawo, bai kuwa kamata mu yi watsi da ita ba. Zuciyar mutum ba ta riƙon tunani biyu a lokaci ɗaya. Mai saran rake da adda, in ya kai hankalinsa sama, yatsansa zai sara. Direban da ya ɗauko kaya daga Makarfi zuwa Zariya, in ya rufe ido yana addu'a, rayukan mutane ya sa a haɗari. Mai ƙidayar kuɗi tilas ya ba ƙidaya dukan hankalinsa. To, Allah ya ɗora mana kayan da suka fi ƙarfinmu ke nan?

Waliyyi Agustin, ɗan Afirka, Bishop na Hifo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya warware wannan ƙulli wajen shekara ta 412, a wata wasiƙa da ya aika wa wata gwauruwa mai suna Furoba. Bayaninsa shi ne, addu'ar da ba ta yankewa ita ce marmarin Allah da ke cikin zuciya, wanda yake nan a farke ko da baki ya yi shiru. Ya ƙara da cewa hidimomin duniya sukan sanyaya wannan marmari, don haka wajibi ne mu keɓe wasu lokatai na addu'ar baki domin mu sake hura shi.

Misalin wannan yana cikin kowane gida namu. Mu dubi uwa mai goyo. Tana daka, tana tankaɗe, tana tuƙa tuwo, tana ciniki da mai sayen ƙuli-ƙuli. Idonta ba ya kan jaririn, ba ta kuma kiran sunansa da kowane numfashi. Amma babu ɗan lokacin da ta manta yana bayanta. Saboda shi take sunkuyawa a hankali in za ta shiga ƙofar ɗaki, saboda shi take kauce wa hayaƙi, saboda shi take haɗiye maganar da za ta jawo kokawa. Da ya motsa kaɗan, hannunta ya kai. Goyon ya canza tafiyarta da zamanta da tsayuwarta, bai kuwa hana tuwo nuna ba. Akwai sanin da ke gaban ido, akwai kuma sanin da ake goye da shi. Na biyun nan ne Manzo Bulus yake nema a gare mu, shi ne kuwa manomi da 'yar kasuwa da ɗan makaranta za su iya.

Sai dai misalin yana da iyaka, gama a haƙiƙa mu ne goyon, Allah ne mai goyo. Ta bakin Ishaya ya shaida wa jama'arsa cewa shi ya ɗauke su tun daga ciki, shi ne kuma zai ɗauke su har furfura (Ishaya 46:3-4). Tunawarmu ba ta kawo shi, mantuwarmu ba ta korarsa. Tun ranar baftismarmu Ruhu Mai Tsarki ya mai da mu mazauninsa. Abin da mantuwa ke yi shi ne ta bar mu muna zaman marayu alhali Ubanmu yana cikin gida.

AIKI BA SHAMAKI BA NE

Da yawa daga cikinmu suna ɗauka cewa aikin hannu yana nesanta mutum da Allah, wai da za su sami hutu da sun zama masu ibada. Rayuwar Ubangijinmu ta ƙaryata wannan. Wajen shekara 30 ya yi a Nazarat ba wa'azi, ba mu'ujiza, har mutanen garinsu ba su san shi da komai ba sai sassaƙa (Markus 6:3). Waɗannan shekaru ba ɓata lokaci ba ne. A cikinsu ya tsarkake gumi da gajiya da kantar hannu.

Tsarkaka sun bi wannan sawu. Waliyyi Benedik, a ƙa'idar da ya tsara wa 'yan zuhudu a ƙarni na 6, ya umarci mai kula da kayan gida ya riƙe kayan aiki da irin girmamawar da ake yi wa tasoshin bagade. Mu auna wannan da fartanya da garma da injin ban-ruwa, musamman waɗanda muka aro. Waliyyi Isidoro, majiɓincin manoma, ɗan ƙodago ne da ya ƙare rayuwarsa yana noma gonar wani a kusa da birnin Madrid. Ikilisiya tana tunawa da shi ran 15 ga Mayu, daidai lokacin da muke duban gabas muna jiran ruwan shuka. Akwai kuma Ɗan'uwa Lorans na ƙasar Faransa, tsohon soja, wanda ya shiga gidan zuhudu na 'yan Karmel a birnin Faris. Ba firist ba ne. Shekaru da yawa ya yi yana dafa abinci, aikin da ransa bai so ba da farko, daga baya da ciwon ƙafa ya matsa masa aka mai da shi wajen gyaran takalma, har ya rasu a 1691. Manyan malamai sukan zo neman shawararsa, abin da yake gaya musu kuwa bai wuce wannan ba: ya saba wa kansa yin hira da Allah a tsakiyar tukwane, yana yin ƙaramin aiki saboda ƙaunarsa, har lokacin aiki da lokacin addu'a suka zama ɗaya a wurinsa. Matan Zumunta da ke wuni a bakin murhu su lura: madafa ma wurin saduwa da Allah ne.

MUDU SHI NE SHAIDA

Ta yaya mutum zai san ko yana tunawa da Allah da gaske? Daɗin da ake ji a zuciya lokacin waƙa ba ma'auni ba ne, gama yakan zo ya wuce. Ma'aunin shi ne abin da hannu ya yi ran Litinin. Fiye da shekara 700 kafin haihuwar Kristi, Annabi Amos ya fallasa wasu 'yan kasuwa masu kiyaye ranar hutu. Suna zaune wurin sujada, amma Allah-Allah suke yi ranar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara farashi, su sayar da har sharar hatsi (Amos 8:4-6). Ba su fasa ibada ba ko sau ɗaya. Sun dai keɓe wa Allah rana guda, suka hana shi shida. Majalisar Batikan ta Biyu, a koyarwarta ta 1965 game da Ikilisiya a duniyar yau, ta lissafta wannan rabuwa tsakanin bangaskiyar da ake furtawa da zaman yau da kullum a cikin kurakurai mafi muni na zamaninmu.

Mu kawo maganar gida. Da kaka, in muna cika buhun masara, me ke shiga tsakiyarsa? Tiyar da muke saye da ita, ita ce muke sayarwa da ita? Da huɗa, kunya nawa muke ci daga iyakar maƙwabci kowace damina, musamman in gonar gwauruwa ce ko ta marayu? Ɗan ƙodagon da ya wuni yana sunkuye a gonarmu, muna biyansa kafin rana ta faɗi kamar yadda Shari'a ta umarta (Maimaitawar Shari'a 24:14-15), ko kuwa sai ya yi ta zarya? Wanda ya kwashi adashi da fari, yana ci gaba da zubi? Ma'aikacin da ya sa hannu a rajista da safe, yana nan a bakin aikinsa da azahar? Maigidan da muryarsa ta fi ta kowa a ƙungiyar mawaƙa, wace murya matarsa da 'ya'yansa suka sani? Kuɗin amfanin gona, makaranta da asibiti suke zuwa, ko gidan burukutu? A waɗannan wurare ne ake gane wanda yake goye da tunanin Allah da wanda ya sauke shi a ƙofar majami'a.

A nan wani zai ce: Fada, kowa haka yake yi, dillali ma ya san da haka, shi ya sa yake karya farashi tun kafin ya duba, in na jera kwandona tsakani da Allah, ni zan yi hasara. Kada mu yaudari juna. Sau da yawa mai gaskiya yakan yi hasarar kuɗi, babu kuwa inda Bishara ta yi alkawarin cewa kowane mai gaskiya zai yi arziki. Wani lokaci amana takan jawo masu saye, wani lokaci ba ta jawowa. Amma mu ma mu yi lissafi. Wanda ya sami ƙarin naira kaɗan ta hanyar algus ya biya da abin da ya fi su tsada, gama ya koya wa zuciyarsa yin aiki kamar babu Allah, ya kuma koya wa yaron da ke taya shi jera kwandon. Zuciyar da ta saba kawar da kai daga Allah a kasuwa ba za ta iya dubansa da sauƙi a Misa ba. Ban da haka, a wannan yanki namu Kirista ba su da yawa. Maƙwabtanmu da dama ba za su taɓa buɗe Bishara ba, amma kullum suna karanta mudunmu. Abin da suka gani a ciki, shi za su ɗauka game da Yesu.

ƘOSHI DA TSORO

Lokatai biyu ne mantuwa ta fi kama mutum. Na fari shi ne ƙoshi. Musa ya gargaɗi Isra'ilawa su yi hattara sa'ad da suka ci suka ƙoshi, suka gina gidaje, garkensu ya yaɗu, kada su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu (Maimaitawar Shari'a 8:11-18). Mun san yadda majami'a ke cika in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, mun kuma san yadda take raguwa in rake ya yi kuɗi. A 2016 wata 'yar ƙaramar tsutsa ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Wanda ya ga lambunsa ya bushe cikin 'yan kwanaki ya san cewa taki da magani da dabara ba su ne masu ba da amfani ba.

Na biyu shi ne tsoro. Sa'ad da yaro ya kwanta ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko aka yi ta ɓari, ko labarin masu garkuwa da mutane ya matso kusa, sai dangi su fara raɗa cewa a gwada wajen boka, a nemi laya, wai Allah ma ya ce tashi in taimake ka. Kakanninmu sun bi waɗannan hanyoyi bisa ga iyakar saninsu, ba mu kuwa raina su ba. Amma wanda aka yi wa baftisma ya riga ya yi alkawari. Kai majinyaci asibiti tashi ne da Allah yake taimako. Rataya laya a ƙarƙashin rigar da gicciye ke samanta kuwa shaida ce cewa zuciya ta raba ƙafa.

Muna da misali na kusa. A watan Janairu na 2020 'yan bindiga suka shiga babbar makarantar horon firistoci da ke Kakau, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka sace ɗalibai huɗu. Shugaban makarantar a lokacin shi ne Fada Habila Daboh, wanda aka naɗa Bishop na Zariya a 2023. Uku sun dawo, amma aka kashe Michael Nnadi, ɗan shekara 18. Jaridu sun ruwaito daga bakin ɗaya daga cikin waɗanda aka kama cewa yaron bai daina yi musu maganar Yesu da kiransu ga tuba ba. Irin wannan ƙarfin hali ba a dare ɗaya ake samunsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba tunawa da Allah a ranar lafiya ba, da wuya ya iya a ranar tsanani.

TURAKU HUƊU

Zuciya kamar akuya ce, in ba turke sai ta shiga gonar mutane. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda Majalisar Batikan ta Biyu ta umarce mu mu dube su da girmamawa, sukan ajiye fartanya su rufe rumfa sau biyar a rana. In muka ji kiran salla, maimakon ya wuce ta bayan kunne, bari ya zama mana tuni mu ɗaga zuciya ga Uba. Ikilisiya ma tana da nata turaku tun da daɗewa, ba kuwa sai mai ilimi ko mai littafi ba.

Na ɗaya, da farkawa, kafin hannu ya kai ga waya ko rediyo, mu yi alamar gicciye mu miƙa wa Allah wunin gaba ɗaya, har da aikin da ba mu so da mutumin da ba mu son gani.

Na biyu, addu'ar Mala'ikan Ubangiji da ƙarfe 6 na safe, da 12 na rana, da 6 na yamma. Ba ta kai minti uku ba, ana kuwa iya yin ta a tsaye a tsakiyar kunya. Tana tuna mana cewa Ɗan Allah ya ɗauki jiki irin namu, mai jin yunwa da gajiya.

Na uku, gajerun addu'o'i a tsakiyar aiki. Waliyyi Agustin ya ba da labarin 'yan zuhudun Masar masu yawaita addu'o'i gajeru kamar harbin kibiya. Kiran sunan Yesu kafin a ɗaga mudu, ko kafin a mayar da baƙar magana, ya isa ya tsai da hannu da harshe. Haka ma gaisuwarmu ta kullum: in mun ce wa mutum Allah ya kiyaye hanya, mu nufe ta addu'a.

Na huɗu, da dare iyali su taru, ko da gida ɗaya na Rosari ne. Sa'an nan kowa ya yi shiru ya bincika wuninsa, kamar yadda Waliyyi Ignashiyus na Loyola ya koyar: me Allah ya ba ni yau? A ina na sauke shi? Wa zan nema gobe in gyara? Abin da ya yi nauyi a kai shi wurin furta zunubi sa'ad da Fada ya zo.

Za mu manta, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kada wannan ya karya mana gwiwa. Da zarar mun farga, mu komo ba tare da dogon kuka ba, gama fargar kanta alheri ce daga wurinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Yakubu ya kwana a fili da dutse a matsayin matashi, yana gudun ɗan'uwansa da ya cuta. Da ya farka sai ya gane cewa Ubangiji yana wurin tun da daɗewa, shi ne dai bai sani ba, ya kuwa sa wa wurin suna Betel, wato gidan Allah (Farawa 28:10-19). Fadamun Hunƙuyi, da gonakin Paki, da kasuwar Makarfi, da madafar kowace uwa, duk haka suke. Allah ya buɗe idanunmu mu gane shi a inda muke neman abinci, ya daidaita bakinmu da mudunmu, ta wurin roƙon Budurwa Maryamu Uwarmu, da Waliyyi Yusufu ma'aikaci. Amin.